Ɗan Damina da Aka Rubuta wa Hunturu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, wadda muke karantawa ta waya a nan gabashin Saudiyya kamar mai karanta wasiƙar gida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ban taɓa cin karo da shi a shafinku na wasanni ba, wato besbol, da abin da na gani a cikinsa tsawon shekara shida da ɗana ya yi yana buga shi. Na san wasu masu karatu za su ce ina ruwan Bahaushe da wasan Amurkawa alhali ga gasar Firimiya ta Ingila tana gudana, kuma ba zan ga laifinsu ba, domin ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da yaron ya fara shigo mini gida da wata tsohuwar safar hannu ta fata mai kama da faifai.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma na haura shekara ashirin ina zaune a Khubar. Yaron da zan ba da labarinsa ɗan farina ne, saboda haka a yi mini uzuri idan ban kama sunansa ba. Ko a cikin gida "wannan yaron" nake cewa, uwarsa kuwa sai dai ta ce "kai" ta kawar da kai. Na ambaci wannan tun da wuri ne domin kunyar ɗan fari tana da hannu dumu-dumu a cikin abin da ya faru.

Wanda bai san wannan yanki ba zai yi mamakin yadda besbol ya samu gindin zama a ƙasar Larabawa. Tun da aka haƙo man fetur a rijiya ta bakwai ta Dammam a shekarar 1938, Amurkawan da suka zo aikin mai suka kafa unguwarsu a Dahran, suka taho da iyalansu da wasanninsu. 'Ya'yan ma'aikatan kamfanin mai na Aramco, waɗanda mafi yawansu baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, sun yi suna a gasar duniya ta yara da ƙungiyar Little League ke shiryawa kowace Agusta a garin Williamsport na Amurka, har ta kai daga shekarar 2000 zuwa 2011 babu shekarar da 'yan wasan Dahran ba su je ba. A 2006 sun tafi da wani yaro ɗan shekara 13 mai tsawon ƙafa 6 da inci 8, wanda hotonsa ya zagaya jaridun duniya. To, irin wannan wasa ya bazu zuwa sauran unguwannin baƙi masu katanga da ke kewaye, kuma a ɗaya daga cikinsu ne nake aiki. Wata Asabar na tafi da yaron don ya riƙe mini tsani, yana ɗan shekara goma, sai ƙwallo ta tsallako shinge ta faɗo kusa da mu. Ya ɗauka ya mayar da ita da jifa guda, ta sauka a hannun wani injiniya ɗan Benezuwela da ke horar da yaran a lokacin hutunsa ba tare da karɓar ko sisi ba. Mutumin ya tako har inda muke, ya tambaye ni cikin gurɓatacciyar Larabci irin tawa inda yaron ya koyi jifa. Na ce masa a gonar kakansa, wajen korar tsuntsaye daga gero.

Bari in ɗan bayyana wasan a taƙaice saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo mai tauri wadda nauyinta bai kai giram 150 ba, zuwa ga abokinsa da ke tsugune yana jiran cafewa, shi kuwa ɗan ɗaya ɓangaren yana tsaye a tsakaninsu da kulki yana neman ya make ta. Idan ya buge ta sai ya sheƙa da gudu ya bi zango uku ɗaya bayan ɗaya, ya dawo gida, kamar yadda ɗan langa ke fafutukar kaiwa gida kafin a kayar da shi. Dawowar nan ita ce ci. Idan ya kuskure sau uku ya fita, idan mutum uku suka fita sai a yi musanya. Manya suna yin turmi tara, yara 'yan ƙasa da shekara goma sha uku turmi shida. Abin da ya fi ɗaure mini kai tun farko shi ne yadda ake rubuta komai: kowace jifa, kowane bugu, kowane kuskure, akwai mai littafi a gefe yana sa alama. Na ɗauka fi'ili ne irin na Turawa.

Shekara biyu yaron yana wasa ban taɓa zama na kalla ba. Nakan sauke shi a ƙofar fili in wuce, in dawo in ɗauke shi, kuma idan ya fara ba ni labari a mota sai in ƙara muryar rediyo. Iyayen sauran yara, 'yan Filifin da Amurkawa da 'yan Japan da 'yan Pakistan, suna zuwa da kujeru da tulunan ruwan sanyi suna ta ihu da sunayen 'ya'yansu, ni kuwa ina ganin hakan rashin ta ido ne. Safar hannunsa ta farko a kasuwar Haraj na samo ta cikin tarkacen wani da ya tattara ya koma ƙasarsu, kuma ko ita uwarsa ce ta miƙa masa, ta ce wai wani ne ya bayar. Ba wai ba na alfahari da shi ba ne. Labari yana iso mini cewa babu yaron da ke iya taɓa jifarsa, kuma nakan ji daɗi in haɗiye.

Matsalar farko ta taso ne lokacin da aka zaɓe shi cikin waɗanda za su tafi gasa a wata maƙwabciyar ƙasa, a rukunin 'yan shekara goma sha biyu. Aka nemi fasfo, aka kuma nemi takardar haihuwa ta asali wadda aka yi tun yaro yana jariri. Fasfonsa ya ce an haife shi ranar 1 ga Janairu, kuma duk wanda ya san mu ya san abin da wannan rana take nufi: ranar haihuwar duk wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Larabawan nan ma suna da irin tata, domin dattawa da yawa katinsu 1 ga Rajab yake ɗauke da shi. Uwar yaron gida ta tafi goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, ta haihu a ɗakin mahaifiyarta a ƙauye, babu wanda ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa karɓar takarda, kuma da lokacin ɗauko su ya yi bayan shekaru, wanda na ba aikin cika takardu ya rubuta abin da ya zo masa a ka, ni kuma na sa hannu ban duba ba.

Na buga wa surukata waya ina tambaya ko akwai wata takarda, na ce mata a nan an rubuta Janairu. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wane Janairu? Wannan ai ɗan damina ne. Ana tsakar maimai aka haife shi, ɗaki yana yoyo, itacen da za mu dafa ruwan wankan jego duk ya jiƙe, sai da muka yi ta bin maƙwabta ana ranto mana busasshe." Daga nan ta tuna cewa marigayi mijinta, wanda malami ne kuma shi ya raɗa wa yaron suna, yana da al'adar rubuta haihuwa da rasuwa a bangon wani littafinsa na fiƙihu. Aka lalubo littafin a cikin adaka, ƙanen matata ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp. Ga shi nan da ajami, da tawadar zuge wadda ta fara komawa ja: sunan yaron, sunan uwarsa, rana da wata da shekarar Hijira. Na mayar da ita lissafin Miladiyya a waya, ta faɗa cikin Yuli, wata shida kafin ranar da ke cikin fasfo.

Wata shida ba komai ba ne a wurinmu, amma a wannan wasa iyaka ce. Ƙa'idar da suke bi ita ce a duba shekarun yaro a ranar 31 ga Agusta. Wanda ya cika goma sha uku kafin wannan rana ya bar rukunin ƙanana. Bisa fasfo yaron ya cancanta, bisa rubutun kakansa ya wuce. Wani abokina da muke shan shayi tare bayan Isha ya ce mini in bar wannan wahalar da kai, domin a gida cikin kwana biyu za a yi mini takardar rantsuwa ta kotu da kowace rana nake so, har ma ya ba ni shawarar tunda za a yi, a zabge shekara biyu gaba ɗaya saboda gaba. Ya kira shi "shekarun ƙwallo", yana faɗa yana dariya kamar abin ado. Ba zan ɓoye ba, na kwana uku ina juya maganar.

Ya Edita, wannan ciwo ne da ka san shi fiye da ni. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma duk lokacin da aka ambaci wannan bajinta sai an samu mai ɗaga gira, kuma tun daga 2009, shekarar da muka karɓi baƙuncin gasar, hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa don tantance shekaru, aka kuma sha sallamar yaranmu daga sansani a kan haka. Besbol ma bai tsira ba. A 2001 wani mai jifa ɗan asalin Jamhuriyar Dominika da ke wasa wa wata ƙungiya ta birnin New York ya girgiza gasar Williamsport, daga baya aka gano shekararsa 14 ba 12 ba, aka shafe duk nasarorin ƙungiyar. Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na yaran Yuganda. A 2011 sun doke 'yan Dahran ɗin nan a wasan share fage da aka yi a garin Kutno na ƙasar Poland, suka samu gurbin zama ƙungiyar Afirka ta farko da za ta je gasar duniya, sai Amurka ta hana su biza saboda takardun haihuwarsu suna karo da juna, aka tura waɗanda suka kayar a madadinsu. Yaran nan sun yi duk abin da ake nema daga yaro. Manyan da ya kamata su rubuta rana ɗaya a takarda tun suna cikin zanen goyo su ne suka gaza. Sai a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta je da takardu tsaf.

A rana ta huɗu na ɗauki hoton shafin nan na ajami na kai wa mai horarwa, na karanta masa, na fassara. Ya yi shiru, sannan ya ce mini da ban faɗa ba babu wanda zai sani. Na ce masa surukina ya sani, kuma yana kabari. Aka cire sunan yaron. Sati biyu bai ɗaga ido ya dube ni ba, kuma ranar da abokansa suka tashi, a ɗaki ya wuni ya ce kansa ke ciwo. Gyaran fasfo da igama, wato takardar izinin zama, kuwa ya ci mini wata tara da kuɗin da ba na son tunawa, a ƙasar da kowane ɗa da ke ƙarƙashin baƙo ake biya masa Riyal 400 duk wata.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Barin rukunin ƙanana yana nufin komawa babban fili. A na yara, tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 46 ne, tsakanin zango da zango ƙafa 60. A na manya kuwa jifa ƙafa 60 da inci 6 ce, zango ƙafa 90. Jifar da a da take isa kamar harsashi, yanzu sai ta iso a gajiye, yara masu gemun fari suna aika ta bayan shinge. Wanda aka saba yi wa tafi ya koma na benci. A nan ne na yi kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko muni, domin wannan da sanina na yi. Ina jin nauyin abin da na jawo masa, sai na yi niyyar biyan bashi ta hanyar da na iya, wato aiki tuƙuru. Na zana murabba'i da alli a jikin katangar bayan gidanmu, na auna ƙafa sittin da tef ɗin aikina, na ce masa kullum bayan Isha sai ya cika bokiti uku na ƙwallo. Na kuma haɗa shi da wata ƙungiya ta biyu da ke wasa ranar Juma'a da yamma, ban gaya wa mai horar da shi ba. Da bazara ta shigo, lokacin da zafi da gumin teku ke sa a rufe wasa a wannan yanki har sai Oktoba, sauran yara suka huta, shi kuwa muka ci gaba da dare. Idan ya ce hannunsa yana ciwo sai in ce namiji ba ya raki, in miƙa masa man zafi. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na manta cewa ɗanyen ne kuma ya fi saurin tsagewa.

Uwarsa ce ta gano. Muna cin shinkafa a faranti ɗaya wata Juma'a, ta lura yaron ba ya kai loma bakinsa, sai dai ya sunkuyar da kai ya tarar da hannun a hanya. Ta ajiye kunya a gefe ta ce ya miƙe hannun, ya kasa miƙe shi sosai, gwiwar hannun ta ciki ta kumbura tana zafi kamar an ɗora ta a wuta. Sai da na fara kai shi wurin wani mai ɗori ɗan garinmu, ya murza ya ɗaure, ciwo ya ƙaru, sannan muka tafi asibiti. Likita ya ɗora hoton ƙashin a jikin fitila ya nuna mini da biro: a gwiwar hannun yaro mai tasowa akwai wani wuri da bai gama zama ƙashi ba, guringuntsi ne, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma a daidai nan jijiyoyin da ke fizgar hannu lokacin jifa suke kamawa. Kowace jifa mai ƙarfi tana jan wurin, idan aka yi ta ja ba hutu sai ya fara buɗewa. Ya kwatanta mini da hoton ɗaya hannun, ni da ba likita ba na ga bambancin. Ya ce mun yi sa'a bai ɓalle ba, ya hana jifa wata uku cur, ya tura mu gashin ƙashi. Sannan ya tambaye ni jifa nawa yaron ke yi a mako. Na buɗe baki na rufe, ni da nake auna iskar gas a na'ura har zuwa giram.

Mai horarwa bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko littafin nan da na raina, ya buɗe mini shafi bayan shafi, ga adadin jifar yaron a kowane wasa da kwanakin da ya huta. Ya bayyana mini cewa tun 2007 Little League ta fara kafa dokar ƙirga jifa, kuma ga yadda take yanzu: ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, ɗan 13 zuwa 16 ba ya wuce 95, kuma yaron da bai haura goma sha huɗu ba idan ya yi 66 ko fiye, dole ya huta kwana huɗu kafin ya sake hawa tudu. Ya ce masana suna ba da shawarar yaro ya ajiye jifa aƙalla wata huɗu a shekara. Ya ba ni labarin tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974, inda ake ciro jijiya daga wani sashe na jiki a maye gurbin ta gwiwar hannu da ta tsinke, ya ce a da manyan 'yan wasa ake yi wa, yanzu kuwa a Amurka har 'yan sakandare suna kwanciya a yi musu, kuma mai ita yakan shekara ko fiye bai dawo fili ba. Ya rufe littafin ya ce, "Ni na ƙirga nawa. Na bayan gidanka ne babu wanda ya ƙirga." A hanyar gida na yi ta tunanin yadda muke tsayawa a Mina muna ƙirga tsakuwa bakwai-bakwai, ba ma ƙarawa ba ma ragewa, mu ne kuma za mu ce ƙirga jifar yaro fi'ili ne.

Watannin jinyar nan su ne suka canza yaron, kuma ba ni da hannu a ciki. Mai horarwa ya ƙi barinsa ya zauna a gida, ya damƙa masa littafin da fensir. Daga benci ya fara ganin abin da bai taɓa gani ba daga kan tudu: wane mai bugu ne ke tsoron ƙwallon da ta matso jikinsa, wane ne ke gaggawar kai duka ga jifar farko, wane ne ƙafarsa ke tona asirin inda yake jira. Ya fahimci cewa mai jifa ba da ƙarfin damtse kaɗai yake cin abinci ba, akwai ƙafa da ƙugu da ke turo jiki, akwai kuma dabarar riƙe ƙwallo da yatsu uku a sake ta da irin motsin da aka saba amma ta tafi a hankali, mai bugu ya kai duka iska kafin ta iso. Da azumi muka yi tafiyar fiye da kilomita 1,200 zuwa Makka wurin 'yan'uwa a Shari'a Mansur, inda kowane yaro burinsa ya zama Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Bayan Tarawihi sai na hango shi ya tara yaran layi yana koya musu wani ƙaramin nau'in wasan da ake kira Baseball5, mutum biyar-biyar, babu kulki babu safar hannu, ƙwallon roba kawai ake bugawa da tafin hannu. Takalma suka jera a matsayin zango, shi kuwa da yake an hana shi jifa, alƙalanci ya yi, yana raba gardama da Hausa da Larabci har aka kusa sahur.

Ranar da zai koma kan tudu na ɗauki hutu a wurin aiki, na je na zauna a can ƙarshen benci, karo na farko cikin shekara biyar. A aljihuna akwai ɗan carbin nan na zamani da ake saƙalawa a yatsa ana dannawa, na mayar da shi sifili. An yi yarjejeniya da likita cewa ba zai wuce jifa sittin ba. Jifarsa ba ta kai ta da sauri ba, amma tana sauka inda ya nufa, kuma sau biyu na ga ƙaton yaro ya juya da kulki har ya kusa faɗuwa ƙwallo ba ta iso ba. A turmi na huɗu suna gaba da ci ɗaya, abokan hamayya suna da mutum biyu a zango, saura mutum ɗaya ya fitar a yi musanya, sai carbina ya nuna 60. Na ga mai horarwa ya taso. Wallahi zuciyata cewa take a bar shi ya ƙara uku kawai, kuma na tabbata da shekara biyu baya ne da ya yi gardama ko ya yi jifa da safar hannu. Sai ya miƙa ƙwallon da kansa tun mutumin bai ƙaraso ba, ya dafa kafaɗar wanda zai canje shi, ya raɗa masa wani abu game da mai bugun, ya taka zuwa benci ya ɗauki littafi. Aka make wanda ya canje shi, aka cinye su da ci ɗaya. A mota ban kunna rediyo ba. Ya ce, "Baba, nawa ka samu?" Na ce sittin. Ya ce a littafi sittin da ɗaya ne, akwai wadda na sha'afa ban danna ba lokacin da na miƙe tsaye.

Yanzu shekararsa goma sha shida, ta gaskiya. Ba na yaudarar kaina cewa zai zama ƙwararre, domin hanyar tana da nisa: sai a 2017 aka samu ɗan Afirka na farko da aka haifa a nahiyar ya buga a babbar gasar Amurka, wato Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu a ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Amma ƙofar ba a rufe take kamar da ba. Ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki matasa biyu 'yan Yuganda a 2022, Saudiyya ta kafa hukumarta ta besbol a 2019, wasan zai dawo gasar Olamfik a 2028, kuma Najeriya kanta ta taɓa cin lambar azurfa a wannan wasa a gasar Afirka da aka yi a Abuja a 2003, abin da na tabbata da yawa daga masu karatu ba su taɓa ji ba. Yaron yana maganar karatun gashin ƙashi idan ya gama sakandare, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka sa wakilanku na wasanni su riƙa leƙa filayen yara, na ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa da guje-guje, su tambayi masu horarwa ko sun san ainihin shekarun yaran da ke hannunsu, da sau nawa suke sa su wasa a mako, da wanda ke duba su idan sun ce wani wuri yana ciwo. Ku kuma riƙa tuna wa masu jego da mazajensu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Madina da matansu ke komawa gida haihuwa, su karɓi takardar haihuwa tun kafin a watse daga taron suna. Idan da hali, ina so ku nemo mana labarin masu buga besbol a Najeriya a yau, domin yaron yana ta tambayata ko akwai inda zai je ya yi wasa idan mun zo hutu, ni kuwa ba ni da amsa.

Shafin nan na ajami na sa an wanke mini shi, yana cikin jakar da nake ajiye fasfo. Surukata kuwa duk ranar da muka yi waya sai ta tambaya, wai har yanzu ɗan daminan nan jifa yake yi, kuma wa yake jifa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wani mahaifi,
Khubar, Saudiyya.